Yadda za ka tsaya a tebur a baje kolin bindigogi ka jawo mutane ajin koyon harbi

Wannan rubutun na 'yan uwa ne da ke zaune a Amurka kuma suke aikin sa kai da Project Appleseed ko wani shiri makamancinsa, musamman wanda aka ce masa ranar Asabar kai ne a tebur, ya rasa ta inda zai fara. Ga wanda bai san shirin ba, ƙungiyar Revolutionary War Veterans Association ce ke gudanar da shi, sun fara a 2006, cibiyarsu tana Ramseur a jihar Arewacin Karolina, kuma malaman duk 'yan aikin Allah-da-Annabi ne, ba a biyansu ko sisi. Abu biyu ake koyarwa, harbi da doguwar bindiga cikin natsuwa da kiyaye ƙa'ida, da kuma tarihin ranar 19 ga Afrilu 1775, ranar da aka fara yaƙin neman 'yancin Amurka a Lexington da Concord. To matsalar ita ce duk kyawun aji in ba ɗalibai ai ba aji, shi ya sa tebur ɗin nan na baje koli yake da muhimmanci, don can ne za ka samu masu bindiga a waje ɗaya, da yawansu sun saya sun ajiye a akwati ba wanda ya taɓa koya musu komai.

Fara da neman tebur da wuri. Mai shirya baje kolin ɗan kasuwa ne, teburan nan haya yake bayarwa, amma da yawansu in ka kira ka yi bayani cewa ƙungiya ce da ba ta neman riba kuma ba abin da za ku sayar, sukan ba da tebur kyauta ko su rage kuɗi, wani lokacin a can lungu kusa da masu sayar da abinci. Ka karɓa da godiya kawai, wlh lungun nan ba laifi gare shi ba, kowa sai ya ji yunwa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa ake shiga jera kaya, mutum nawa aka yarda su shiga da sunan tebur ɗin ba tikiti, kuma mene ne dokarsu a kan bindigar nuni. Kusan ko'ina dokar ɗaya ce, ba a shiga da bindiga mai harsashi a ciki, a bakin ƙofa za a duba ta a zura mata igiyar roba ta yadda ba za ta yi aiki ba. Kar ka yi gardama da masu tsaron ƙofa ko kaɗan. Kai da ka zo tallar kiyaye ƙa'ida ai kai ya kamata ka fi kowa miƙa wuya.

Girman wurin ma ya bambanta sosai. Akwai irin na Wanenmacher da ake yi a Tulsa ta jihar Oklahoma sau biyu a shekara, tebur sama da 4,000, mutum sai ya wuni bai gama zagayawa ba, akwai kuma ƙanana na zauren gari da ba su wuce ka zagaye cikin rabin awa ba. Ni a ganina ƙananan sun fi amfani ga mai neman ɗalibai, saboda mutanen da ke zuwa 'yan yankin ne, filin harbin da za ka ambata musu sun san shi, ba wanda zai ce maka ai daga wata jiha ya zo.

Kayan tebur kuwa kar ka cika shi da tarkace. Ƙyalle mai sunan shirin, ƙananan takardun talla, jerin ranakun aji na watanni masu zuwa tare da sunan fili da garin da yake, biro guda uku ko huɗu don sai sun ɓace, takardar rubuta suna da imel, da lambar QR babba wadda mutum zai haska da waya ta kai shi shafin rajista. Sannan abin da ya fi komai jan ido, takardar harbi ta gaske mai hujin harsashi. Ka kawo biyu ta mutum ɗaya in za ka samu, ta safiyar Asabar, ranar farko ta aji, da harsasai suka watse ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba, da ta yammacin Lahadi da suka taru waje guda har tsabar kwata ɗaya, wato santi 25, za ta rufe su. Ka ajiye su gefe da gefe. Na sha ganin mutum ya wuce ya yi taku biyu ya dawo ya sunkuya yana kallo, ya sa ɗan yatsa a hujin, sannan ya ɗago ya ce daga wane nisa aka harba wannan? Shi ke nan hira ta buɗe ba tare da ka ce uffan ba.

In an yarda ka kawo bindigar nuni, ka kawo mai sauƙi irin Ruger 10/22 mai cin ƙaramin harsashin .22, da maratayinta a jiki, don mutane su gane ba sai da bindiga mai tsada ake zuwa ba. Bakinta ya kalli bango ko sama, ba hanyar da jama'a ke wucewa ba, gidan harsashi a cire, kuma ko harsashi ɗaya kar ya kusanci tebur ɗin. Duk wanda zai taɓa sai ya nemi izini, kai kuma ka duba cikinta a gabansa kafin ka miƙa, ko da sau hamsin ka duba a ranar. Mutane suna lura da wannan fiye da yadda kake zato, barin ma iyaye mata da suka zo da yara.

Yanzu babbar magana, ka tashi tsaye. Don Allah ka tashi tsaye. Kuskuren da ya fi kashe tebur shi ne mutum biyu su zauna a baya sun haɗa kai suna hira ko kowa na latsa waya, jama'a na wucewa kamar ruwa. Ka fito gefen tebur ko gabansa in akwai wuri, takarda a hannu, fuska a sake, ka sa hularka ta shirin, ko mai ruwan lemo ce ta malami mai koyo, ko ja ta cikakken malami, ko shuɗiya ta masu taimako, duk ɗaya ne a nan. Kar ka tare wa mutum hanya kuma kar ka bi shi da surutu, gaisuwa da tambaya ɗaya sun isa. Tambayar da na ga tana aiki ita ce, yaushe rabonka da harbi ba tare da ka ɗora bindiga a kan benci ba? Yawanci sai mutum ya yi dariya ya tsaya, don akasarinsu a benci suke harbi, ba su taɓa gwada tsaye da zaune da kwance rub da ciki da maratayi a ɗaure a dantse ba.

In ya tsaya, bayaninka kar ya wuce rabin minti kafin ka bar shi ya yi magana. Ka ce masa yawanci kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, a nisan mita 25 ake harbi amma an ƙanƙanta siffofin da ke takardar ta yadda suke daidai da yadi 100 da 200 da 300 da 400, akwai jarrabawa ta harsashi 40, maki 250 ne gaba ɗaya, wanda ya ci 210 ana ba shi bajin Rifleman, wato gwanin harbi. Nan ne za ka ga idon gwanaye ya buɗe, wani zai ce ai mita 25 wasan yara ne. Kar ka musa masa, ka nuna masa siffar yadi 400 a takardar, 'yar mitsitsiya, ka ce bismillah ranar kaza muna fili kaza, zo ka karɓi bajinka. Ka faɗa da fara'a da gaskiya, don da yawa ba sa ci a zuwan farko, kuma gara ya san haka tun yanzu.

Amma fa ba gwanayen ne suka fi buƙatarmu ba, kuma nan nake so mu daɗe. Akwai wanda zai zo yana raɓe-raɓe, sabuwar bindiga a kwali a hammata, yau ya saya, kana ganinsa ka san tsoro yake ji kuma kunya ta hana shi tambaya. Na tuna wata baiwar Allah da ta tsaya nesa da tebur kusan minti biyar tana karanta ƙyallenmu, ɗanta matashi na jan hannunta, da na gaishe ta sai ta ce mijinta ya rasu ya bar bindigogi a gida ita kuma ko taɓawa ba ta iya yi, yaron kuma kullum maganarsu yake. Ban yi mata zancen maki ko baji ba sam. Ƙa'idoji huɗu na fili na karanta mata, bakin bindiga kullum yana kallon inda ba haɗari, ba a sa harsashi sai an ba da umarni, yatsa ba ya hawa kunama sai saiti ya hau kan abin harbi, kuma kowa yana lura da na kusa da shi ya tabbatar yana bin ƙa'ida. Na ce mata yaro ba ya zuwa shi kaɗai sai da babba, kuma malamai na tsaye a bayan layi daga farko har ƙarshe. Sai da ta sauke ajiyar zuciya sannan ta ɗauki biro. Irin waɗannan mutanen in ka tsaya kana wa abokinka labarin sabon madubin bindigarka za su wuce ba ka ma gansu ba, kuma su koma gida da bindigar da ba su san yadda ake sarrafa ta ba, abin da ke hana ni zama a kujera ke nan.

Tambayoyin da za su yi ta maimaituwa ka shirya musu. Nawa ne? Ka duba shafin rajista a daren Juma'a ka san kuɗin na yanzu da rangwamen da ake wa yara da sauransu, ka kuma gaya musu wasu filayen suna karɓar nasu 'yan daloli daban, kar mutum ya je ya ji kamar an ɓoye masa. Ba ni da bindiga fa? Sau da yawa malamai na da ta aro, amma sai an yi magana da shugaban ajin tun kafin ranar, kar ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Me zan kawo? Abin toshe kunne, gilashin kare ido, shimfiɗar kwanciya, ruwa, abinci, da harsashi mai yawa, ɗaruruwa. In kuma aka tambaye ka dokar ɗaukar bindiga a mota ko tsallaka iyakar jiha da ita, ka ce ya duba dokar jiharsa ko ya tambayi dillali mai lasisi, don dokar Texas daban ta New York daban, kai ba lauya ba ne.

Sai siyasa. Za ta zo, babu makawa, wani zai jingina da tebur ya fara zagin wannan jam'iyya ko waccan yana jira ka taya shi. Shirin ba ya shiga siyasar zamani kuma kai ma a tebur ɗin ba ka da jam'iyya. Abin da nake yi shi ne in ja shi zuwa 1775, in ce ka san labarin Samuel Whittemore, dattijo ɗan shekara 78 da ya fito shi kaɗai ya tari sojojin Birtaniya a hanyarsu ta komawa Boston, aka harbe shi aka sossoke shi aka bar shi a matsayin gawa amma ya rayu shekaru bayan nan? Ko Isaac Davis na garin Acton da aka kashe a gadar Concord. In mai son tarihi ne zai saurara, in rigima ya zo nema zai gaji ya wuce. Wanda kuma ya fara maganganun da ba su kwanta maka ba, irin na son cutar da wani ko wasu, kar ka ba shi takarda, kar ka gayyace shi, ka sanar da masu tsaron wurin.

Kafin mutum ya bar gabanka ka yi ƙoƙari ya tafi da rana, ba takarda kawai ba. Ka zagaye masa ranar aji mafi kusa da garinsu da biro, ka rubuta sunanka na farko a ƙasa ka ce in ka zo ka neme ni. In ya yarda ya haska lambar QR ya yi rajista nan take ya fi, don takardar talla yawanci a kujerar mota take ƙarewa. Sunaye da imel da kuka tara amana ce, ba a ba wa wani dillali, ba a turo musu komai sai zancen aji, kuma a tura saƙon farko cikin kwana biyu ko uku tun mutum bai manta fuskarka ba.

Ku kasance aƙalla mutum biyu don a riƙa karɓar juna, tsayuwar awa bakwai ko takwas a kan siminti ba wasa ba ce, ka sa takalmi mai laushi ka riƙe ruwa. Ranar Lahadi kar ku naɗe kaya kafin lokacin tashi, masu shirya taro ba sa son ganin tebur a wofi alhali mutane sun biya kuɗin shiga. In an tashi ku share wurinku, ka je ka sami mai shirin ka yi masa godiya hannu da hannu, ka tambaye shi ranar baje koli na gaba tun kana wurin ka sa ya rubuta sunanku.