Yadda Ake Koyar da Darasin Kafara a Ajin Baftisma

Malamin da zai bayyana wa sabbin masu bi ma'anar mutuwar Yesu Almasihu ya kamata ya fara da kalmar kafara kanta, domin yawancin masu jin Hausa sun san ta a matsayin abin da mai laifi yake biya da kansa, kamar azumi ko ciyar da matalauta bayan karya rantsuwa. Ka tambayi ɗalibanka abin da suka fahimta da kalmar, sannan ka nuna musu cewa a koyarwar Kirista Allah ne yake tanadar kafarar, mutum kuwa karɓa yake yi ta wurin bangaskiya.

Daga nan ku buɗe Littafin Firistoci sura 16, kuma a nan ne ya dace ka daɗe. A zamanin Tsohon Alkawari, sau ɗaya a shekara, a ranar 10 ga wata na 7 na kalandar Isra'ilawa, babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗaki na can ciki a alfarwar sujada. Akan kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a a kansu. A yanka ɗaya a yayyafa jininsa a kan murfin akwatin alkawari, wato akwatin da aka ajiye allunan Dokoki Goma a ciki, ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa a kansa, ya furta zunuban Isra'ilawa, a kore shi zuwa jeji. Mutanen da suka saba da kiwo ba sa shan wahala wajen gane wannan hoto, don haka ka bar su su maimaita labarin da bakinsu kafin ka ci gaba.

Sai ku karanta Ishaya 53, da Yahaya 1:29 inda Yahaya Maibaftisma ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya, da Ibraniyawa sura 10, wadda ta bayyana cewa hadayun dabbobi sai an yi ta maimaita su kowace shekara, hadayar Almasihu a kan gicciye kuwa sau ɗaya tak aka miƙa ta.

Akwai kuskure guda da, a ganina, ya fi kowanne yaɗuwa. Wasu malamai sukan yi bayani kamar Allah Uba yana cike da fushi, Ɗansa Yesu kuma ya zo ya lallashe shi har ya fara ƙaunar mutane. Romawa 5:8 ta nuna cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma ta haka Allah ya tabbatar da ƙaunarsa. 2 Korantiyawa 5:19 kuma ta ce Allah ne da kansa yake sulhunta duniya ta wurin Almasihu. Wato ƙauna ce ta haifar da gicciyen.

Da wuya a tashi wani bai tambaya ba ko, tunda an biya bashin zunubi, yana iya ci gaba da zunubi. Kada ka yi gaggawar amsawa. Ka ba ajin Romawa sura 6 su karanta a gida, domin ita ce ta haɗa baftisma da mutuwa da tashi tare da Almasihu, kuma da ita za ku buɗe darasin Lahadi mai zuwa.