Yadda Ake Gano Abin da ke Sa Tsohuwar A-kori-kura Jijjiga

A Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, babu kayan Hilux, Nissan Hardbody ko L200 da za ka nema ka rasa, shi ya sa masu mota da yawa a Kumasi suke fara saye tun ba su yi bincike ba. Mota ta kama rawa, a canja shokazoba, a canja tayarod, a ƙara da taya biyu, rawar tana nan daram. Kafin a kwance noti ko ɗaya, sai an san yaushe take jijjigar, kuma ta ina ake jin ta.

Matakin farko a kan hanya ake yin sa. Sauke kaya, daidaita iskar tayoyi yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka fita bayan gari da sassafe inda kwalta ta miƙe. Ƙara gudu a hankali, ka riƙe lambar da rawar ta fara da wadda ta lafa. Da ka kai inda ta fi tsanani, sa giya a firi ka bar injin ya sauka. Kada ka kashe shi, don birki da sitiyari za su yi tauri. Idan rawar ta ci gaba, laifin yana wajen abin da ke juyawa tare da tafiya: taya, rim, boris ko farfela, wato dogon bututun da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul na baya. Idan ta ɗauke, tsaya gefe, ka taka totur a hankali motar tana tsaye. In rawar ta dawo a nan, injin ne ko mazauninsa, ka ƙyale tayoyi. In kuwa ba ta dawo ba, sai lokacin da injin ke jan mota kawai take zuwa, to ka zargi farfela.

Kunnenka da jikinka ma ma'auni ne. Tayar a-kori-kura tana cin kusan mita 2.3 a juyi ɗaya, wato a gudun kilomita 90 tana juyawa kamar sau 11 a daƙiƙa. Farfela kuwa ta ninka wannan kusan sau huɗu. Don haka rawar taya girgiza ce da za ka gani a sitiyari ko a kujerar gefe, ta farfela kuma gurnani ne mai yawo a ƙasan mota, har madubin ciki ya dishe. Rawar sitiyari ta gaba ce. Wadda ake ji a mazauni ta baya ce.

Mataki na biyu tayoyi, kuma a nan yawancin maganar take ƙarewa. Leƙa cikin rim tukuna. Da damina jar laka tana manne wa a ciki ta bushe, kuma dunƙule ɗaya ya isa ya karkatar da nauyin taya. Wanke ta ka sake gwadawa kafin ka biya kowa ko sidi ɗaya. Duba ko darmar balansin da aka maƙala a bakin rim ta faɗi. Takan bar tabo a wurin.

Daga nan sai a ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙarfen tsayawa, a sa waigi a sauran tayoyin. Ajiye bulo dab da tayar, ka juya ta da hannu kana kallon tazarar. In tana matsowa tana ja da baya fiye da milimita 2, ko rim ya lanƙwashe a rami, ko tayar ta kumbura. Shafa tafin hannu a kan gadonta. Tudu a wuri guda alama ce wayar ciki ta rabu, kuma irin wannan tayar takan sa mota tafiyar agwagwa tun a gudun 20 zuwa 40. Balansin ba ya maganinta, fashewa take jira. An fi samun haka a tayoyin gwanjo, don haka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. In gadon tayar ya ci rami-rami a kewaye, shokazoba ta mutu, tana barin tayar tana tsalle.

Dabara mai arha: mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Idan rawar ta tashi daga sitiyari ta koma mazauni, ka kama ɓarawon. Wajen ɗaurawa a kankare tsatsar fuskar hob, a ɗaure notunan a gicciye, ba a jere ba.

Motar tana sama, kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Motsi a nan boris ne ko boljoyin. A sa wani ya taka birki, in motsin ya ɓace boris ne. Kama ta dama da hagu kuma, motsi na nuna tayarod ko wani abu a layin sitiyari. Boris da ya ci yakan yi kuka mai ƙaruwa da gudu, kukan ya canja in an karya kwana. Alaimen kuwa ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba: yana cinye taya, yana jan mota gefe, amma shi kaɗai ba kasafai yake kawo jijjiga ba.

Idan sai an taka birki rawar ke zuwa, feda tana bugun ƙafa, faifan birkin gaba ne ya ci ba daidai ba, ko dirom na baya ya daina zama da'ira. A kan jikin faifan akwai mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In gogewa za ta kai shi ƙasa da haka, sabo za a saya.

Mataki na uku farfela, inda tsofaffin motocin ɗaukar kaya suka fi ciwo. A fili mai laushin ƙasa ba a shiga ƙarƙashin mota. Nemi daɓe, sa waigi, giya a firi. Riƙe farfelar kusa da kowane kuros, wato mahaɗar da take lanƙwasawa, ka murɗa dama da hagu, ka tura sama da ƙasa. Bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. Jar ƙurar tsatsa a bakin kofin kuros na nufin giris ya ƙare, allurorin ciki suna cin juna. Ƙarar “ƙwas” in an sa ribas ko an saki kuloci ita ma shaida ce. Amma kuros kan ƙage ba tare da wasa ba, wannan sai an sauke farfelar an lanƙwasa shi da hannu za a gane.

Farfela mai gaɓa biyu tana da boris a tsakiya cikin roba. In robar ta yage, motar takan yi karkarwa wajen tashi, musamman da kaya. Duba kuma ko bututun ya lotsa, ko ɗan ƙarfen balansin da aka yi wa walda a jikinsa ya fita. Kafin a sauke farfela a yi mata alama da fenti a kowace mahaɗa. In aka zare ta aka mayar haƙori ɗaya a goce, kurosan biyu ba za su yi tafiya tare ba, sai a fito daga gareji da rawar da ba a shiga da ita ba.

Motar da ta saba lodin doya daga Techiman ko buhunan masara fiye da ƙarfinta, sifirin ɗinta na baya yakan kwanta. Hakan na canja kusurwar da farfela ke haɗuwa da aksul, sabon kuros ma ba zai daɗe ba. Alamar ita ce rawar tana canjawa tsakanin mota da kaya da mota wayam. A duba notunan da suka ɗaure sifirin da aksul. Mai jan ƙafa huɗu kuma ya tabbatar hob ɗin gaba suna kan FREE.

In injin ne gwajin farko ya nuna, fara da robobin mazaunin injin da na giyabos: bakin mai da ke zuba a kansu yana narka su har ƙarfe ya zauna kan ƙarfe. Duba fanka ko reshe ɗaya ya karye, da fulin ƙasa ko yana layi. A injin fetur a bi fulogi da wayoyinsu. A tsohon dizal irin 3L, 5L ko TD27, ana sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya injin yana aiki. Silindar da aka sassauta amma sautin bai canja ba, ita ce ba ta aiki. Kada a gwada wannan a kan dizal na zamani irin D-4D da ire-irensa, matsin mansu yana huda fata, nasu sai an sa kwamfuta.