Idan allon zaɓi ya ɓace a kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux

Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ɗora wa Windows da Linux tare ta saba nuna abubuwa biyu idan an kunna ta: tambarin kamfanin da ya ƙera ta, sannan allon GRUB, inda mutum yake zaɓar babbar manhajar da yake so ya shiga. Wata rana sai a kunna ta, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ta zarce cikin Windows ko cikin Ubuntu, wani nau'in Linux, ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma duk danna F2 ko F12 da za a yi ba ya haifar da komai. A mafi yawan lokuta babu abin da ya goge, domin manhajojin biyu suna nan a kan faifan ajiya tare da fayilolinsu. Na fara da wannan ne saboda shawarar da aka fi saurin bayarwa a shagon gyara ita ce a yi wa kwamfutar fomat, alhali wannan yana iya cinye aikin shekaru a kan matsalar da sau da yawa ba ta wuce layi ɗaya a cikin fayil ɗaya ba.

Tashin kwamfuta hawa uku ne. Na farko shi ne manhajar tushe da ke cikin uwar allon na'urar, wadda har yanzu mutane ke kira BIOS ko da yake a kwamfutocin zamani UEFI ce. Ita ce mai nuna tambarin kamfani, kuma ita ce mai sauraron maɓallan F2 da F12. Na biyu shi ne jerin da wannan manhaja take riƙe da shi na wanda za ta fara miƙa wa ragama. Na uku shi ne GRUB kansa. Aikin mai gyara shi ne ya gano hawan da ya yi shiru kafin ya taɓa komai.

Kafin a canza ko da saiti ɗaya, a duba ko faifan Windows yana kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, domin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Canza Secure Boot, wato saitin tsaro da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, ko sabunta manhajar tushe yana iya sa Windows ta tsaya a wani shuɗin allo tana neman lambar ceto mai alƙaluma 48. Lambar tana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar idan da shi aka shiga, kuma ana iya fitar da ita da umarnin manage-bde -protectors -get C: a cikin Command Prompt da aka buɗe da ikon mai gudanarwa. A rubuta ta a takarda ko a ɗauki hotonta da waya. Wanda ya sayi kwamfutar da wani ya riga ya yi amfani da ita ya fi kowa buƙatar wannan, domin asusun da lambar take ciki yana iya zama na mai ita na farko.

Shiga manhajar tushe ba tare da maɓalli ba

Da farko a tabbatar cewa maɓallin da ake dannawa shi ne daidai. A Dell, F2 ne ke buɗe saituna, F12 kuma jerin wuraren tashi. A HP, Esc yana buɗe ƙaramin allon farawa, F9 jerin tashi, F10 saituna. ThinkPad tana amfani da F1 da F12, wasu samfuran IdeaPad kuma suna da ɗan ƙaramin maɓallin Novo a gefe da ake latsawa da tsinke yayin da kwamfutar take a kashe. Asus tana da F2 da Esc, Acer kuma F2 da F12, sai dai a Acer F12 yakan zo a rufe sai an buɗe shi daga cikin saituna. A wasu kwamfutocin sai an haɗa da Fn, kuma ya fi kyau a fara dannawa a kai a kai tun daga lokacin da aka taɓa maɓallin kunnawa.

Idan hakan bai yi ba, babu buƙatar a ci gaba da tseren yatsa, domin ana iya umartar kwamfutar daga ciki. A Windows, a riƙe Shift yayin da ake danna Restart, sannan a bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings. Ko kuma a rubuta wannan a Command Prompt mai ikon gudanarwa:

shutdown /r /fw /t 0

A Linux kuma, a cikin Terminal, wato wurin rubuta umarni:

systemctl reboot --firmware-setup

Idan allon saitunan ya bayyana ta wannan hanya, an tabbatar da cewa manhajar tushe lafiyarta ƙalau, sauri ne kawai ya yi mata yawa. A nemi saitin da ake kira Fast Boot a kashe shi, domin aikinsa shi ne tsallake wasu gwaje-gwajen farawa, kuma a wasu na'urorin har da sauraron madannai. Inda akwai saitin jinkirin farawa, a ba shi daƙiƙa biyar.

Akwai wani abu mai kama da wannan a suna amma daban a aiki, wato Fast Startup na Windows, wanda ya shigo tun Windows 8 a 2012. Idan yana kunne, danna Shut down ba ya kashe Windows gaba ɗaya. Tana adana zuciyar manhajar a cikin fayil ɗin hiberfil.sys, ta yadda kunnawa ta gaba farkawa ce daga barci. Ga mai manhaja ɗaya wannan ba laifi ba ne, amma ga mai biyu illa ce, domin yana barin ɓangaren Windows a matsayin wanda ba a rufe ba, sai Linux ta ƙi yin rubutu a cikinsa, kuma a wasu kwamfutocin yana hana allon farawa tsayawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan allon zaɓi yana fitowa bayan Restart amma ba ya fitowa bayan Shut down, to shi ne. Ana kashe shi daga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, Change settings that are currently unavailable, sannan a cire alamar da ke gaban Turn on fast startup. A ganina duk mai manhaja biyu ya kamata ya kashe shi ko da bai taɓa samun matsala ba.

Idan kwamfutar tana zarcewa cikin Windows

A nan laifin yawanci na hawa na biyu ne. Windows da Linux suna ajiye fayilolin tashinsu a ƙaramin ɓangare guda na faifai mai tsarin FAT32, kowa da jakarsa: na Windows yana EFI\Microsoft\Boot\bootmgfw.efi, na Ubuntu kuma yana EFI\ubuntu\shimx64.efi. Babbar sabuntawar Windows, ko sabunta manhajar tushe, ko mayar da saituna zuwa na asali, yana iya ɗaga Windows Boot Manager zuwa saman jeri, sai GRUB ya zauna a wurinsa ba tare da an kira shi ba. A cikin saitunan UEFI a buɗe shafin Boot, a mayar da ubuntu sama, a adana a fita.

Idan jerin ya ƙi gyaruwa daga can, a tashi kwamfutar da filas mai ɗauke da Ubuntu, a zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba, a buɗe Terminal a rubuta efibootmgr. Za a ga wani abu mai kama da wannan:

BootOrder: 0000,0003
Boot0000* Windows Boot Manager
Boot0003* ubuntu

Layin BootOrder ne ke yanke hukunci. Umarnin sudo efibootmgr -o 0003,0000 yana juya shi, amma a yi amfani da lambobin da kwamfutar ta nuna, ba waɗannan ba. Idan layin ubuntu babu shi sam, a duba da lsblk -f a gano ɓangaren da aka rubuta wa vfat, wato ƙaramin ɓangaren nan mai tsarin FAT32, sannan a sake ƙirƙirar layin:

sudo efibootmgr -c -d /dev/nvme0n1 -p 1 -L ubuntu -l '\EFI\ubuntu\shimx64.efi'

A nan nvme0n1 sunan faifai ne, 1 kuma lambar ɓangaren, kuma dole a daidaita su da abin da lsblk ya nuna. Wasu samfuran Acer ba sa yarda da fayil ɗin sai an sa kalmar sirri ta Supervisor a cikin saituna, an zaɓe shi da hannu a matsayin amintacce. Wanda ya sa irin wannan kalmar sirri ya rubuta ta, domin cire ta bayan an manta aiki ne mai wahala ƙwarai.

Idan kuma tana zarcewa cikin Linux

Wannan shi ne ya fi rikita mutane, domin suna ɗauka Windows ta mutu. Abin da ke faruwa shi ne Ubuntu tana zuwa da GRUB a ɓoye, kuma ba ta bayyana shi sai idan wata ƙaramar manhaja mai suna os-prober ta gano cewa akwai wata babbar manhaja a kan faifan. Tun daga GRUB 2.06, wanda ya fito a 2021, masu haɗa shi sun kashe os-prober a saitin asali saboda dalilan tsaro. Saboda haka bayan wata sabuntawa sunan Windows yana iya faɗuwa daga jeri, kuma da zarar ya faɗi, allon zaɓin ma gaba ɗaya sai ya ɓuya, tunda GRUB yana ganin babu abin zaɓa. Don a ga allon sau ɗaya, a danna Esc sau ɗaya bayan tambarin kamfani a kwamfutar UEFI, ko a riƙe Shift a tsohuwar BIOS. Gyara mai ɗorewa kuma yana cikin fayil ɗaya:

sudo nano /etc/default/grub

A tabbatar waɗannan layuka uku suna nan kamar haka, babu alamar # a gabansu:

GRUB_TIMEOUT_STYLE=menu
GRUB_TIMEOUT=10
GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

A adana, sannan a rubuta sudo update-grub, domin gyaran fayil ɗin kaɗai ba ya aiki sai an yi wannan. A karanta abin da ya fito. Layin da ake nema shi ne wanda ya fara da Found Windows Boot Manager. Masu Fedora, wani nau'in Linux, su yi amfani da sudo grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg a madadinsa.

Idan layin bai fito ba, a binciki ko manhajojin biyu an ɗora su a tsari ɗaya. A Windows, msinfo32 yana nuna BIOS Mode, ko UEFI ko Legacy, wato tsarin tsohuwar BIOS. A Linux, idan jakar /sys/firmware/efi tana nan, to a UEFI aka tashi. GRUB na UEFI ba zai iya tayar da Windows ɗin da aka ɗora a Legacy ba, haka nan akasinsa, kuma babu layin da za a ƙara ya sulhunta su. Mafita ita ce a sake ɗora Linux a tsarin da Windows take, bayan an kwashe fayiloli zuwa wani wuri.

Wani lokaci allon zaɓin yana nan, ganinsa ne ba a yi. Alamarsa ita ce allo ya yi baƙi na kimanin daƙiƙa goma kafin manhaja ta shigo. A gwada danna kibiyar ƙasa sau biyu sannan Enter a cikin duhun, domin a jerin Ubuntu na asali Windows ta kan zo bayan layin Advanced options. Idan wani abu dabam ya tashi, to GRUB yana aiki. A cire duk wani allo na waje ko talabijin da aka haɗa ta HDMI, tunda hoton yana iya tafiya can, musamman a kwamfutoci masu katin hoto biyu. Idan babu allon waje, a koma fayil ɗin /etc/default/grub a cire alamar # daga gaban GRUB_TERMINAL=console, a sake update-grub. Allon zai fito da rubutu zalla ba ado, amma zai fito.

Akwai kuma hali guda da ke da saƙonsa na musamman. A watan Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana tashin tsofaffin fayilolin shim, wato irin shimx64.efi da aka ambata a sama, a kwamfutoci masu manhaja biyu, inda ake ganin rubutun Verifying shim SBAT data failed na ɗan lokaci kafin na'urar ta mutu. Wanda ya ga wannan ya kashe Secure Boot, ya shiga Linux, ya rubuta sudo mokutil --set-sbat-policy delete, ya sake kunnawa, ya sabunta manhajarsa baki ɗaya, sannan ya mayar da Secure Boot yadda yake. Bai kamata a bar shi a kashe ba don kawai an ga hanya ta buɗe.

Idan jerin tashi yana komawa yadda yake duk lokacin da batir ya ƙare, kuma agogon kwamfutar yana komawa baya, a zargi ɗan ƙaramin batirin da ke kan uwar allo, wanda a na'urori da yawa CR2032 ne. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutoci, kuma canza shi ba shi da tsada. Idan kuwa ko umarnin shiga UEFI daga cikin manhaja bai nuna komai ba sai baƙin allo, a kashe kwamfutar, a cire caja da duk abin da aka soka mata, a riƙe maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa talatin, a sake gwadawa. Abin da ya rage bayan nan shi ne sabunta manhajar tushe daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, da fayil ɗin da ya dace da samfurinta daidai. A dakatar da BitLocker kafin a fara, batir ya kasance a cike, caja kuma a soke, kuma kada a taɓa maɓallin kunnawa har sai kwamfutar ta gama ta tashi da kanta, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya barin na'urar ba ta tashi sam sai an kai ta wurin mai gyaran uwar allo.