Kurakuran da tsoffin 'yan ƙwallon kwando ke yi idan sun koma horar da yara

A shekarar 2011 Penny Hardaway ya koma unguwar da ya tashi a birnin Memphis na Amurka don ya kama wa wani abokinsa na yarinta da ke fama da ciwon daji, wanda shi ne kocin yaran makarantar Lester. Hardaway mutum ne da aka zaɓa na uku a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1993 na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, ya yi tashe a ƙungiyar Orlando Magic, aka sa shi cikin wasan taurari sau huɗu, ya kuma ci zinare a gasar Olamfik ta 1996. Daga Lester ya wuce sakandaren East, sannan a 2018 Jami'ar Memphis ta ba shi ƙungiyarta. Hanyarsa ta yi kyau, amma shi ma bai tsira daga tuntuɓe ba. Suna yana buɗe wa tsohon ɗan wasa ƙofa, sai dai koyarwa wata sana'a ce daban, kuma daga tushe ake fara ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne "ku kalle ni, ku yi yadda na yi". Wanda ya shekara ashirin yana jefa ƙwallo ya daɗe da manta yadda ya koya, jikinsa ne kawai ke yi. Sai ya nuna sau ɗaya, yaro ya gwada ya kasa, shi kuma ransa ya ɓaci yana ganin yaron ba ya ji. Yaron yana ji, bai ga abin da za a kwaikwaya ba ne. Gyaran shi ne a yanka motsin gunduwa-gunduwa. Yau tsayuwar ƙafa kawai. Gobe gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo. Sai waɗannan sun zauna za a zo kan sakin ƙwallo daga yatsu. Kuma magana ɗaya ake faɗa wa yaro a lokaci guda. Idan aka jero masa gyara biyar, babu wanda zai riƙe.

Na biyu ya fi ɓarna domin ba a ganinsa da wuri: horar da ƙananan yara da kayan manya. Kwandon manya tsayinsa mita 3.05 ne, wato ƙafa 10, ƙwallonsu lamba 7. Ɗan shekara takwas ba shi da ƙarfin kai irin wannan ƙwallo can sama, don haka zai koyi wurgo ta daga ƙugu da hannu biyu, kuma wannan ɗabi'a za ta bi shi har ya girma. Shi ya sa ƙa'idojin da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar a 2018 suka ce 'yan shekara 7 zuwa 8 su yi wasa da kwando mai tsayin ƙafa 8, 'yan 9 zuwa 11 kuma ƙafa 9, da ƙaramar ƙwallo, kuma kada a ƙirga musu jifan nesa mai maki uku. Inda babu kwandon da ake iya saukewa, a matso da yaran kusa, a hana su jifa daga nesa ko da suna sha'awa. Za su yi ƙorafi. A bar su su yi.

Sai batun dogon yaro. Da koci ya ga wanda ya ɗara sa'o'insa tsawo, sai ya dasa shi a ƙarƙashin kwando, ya hana shi tafiya da ƙwallo, ya ce aikinsa tarewa da cafe wadda ta dawo. A bana za a ci wasanni da shi. Bayan shekara huɗu sauran sun kamo shi a tsawo, shi kuwa bai iya komai ba sai tsayuwa. Hardaway kansa tsawonsa ya haura mita biyu, amma mai raba ƙwallo ne, kuma abin da ya bambanta shi ke nan. Hakeem Olajuwon ma, tsohon tauraron NBA ɗan asalin Najeriya, a Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana matashi, kuma ya sha danganta iya sarrafa ƙafarsa da wancan tushe. Kowane yaro, dogo da gajere, ya koyi tafiya da ƙwallo da hannun dama da na hagu, ya koyi miƙa ta, ya koyi jifa. Kuma kada a hana shi buga wasu wasannin. Shawarar masana a Amurka ita ce kada yaro ya keɓe kansa ga ƙwallon kwando kaɗai kafin ya kai shekara 14.

Kwaɗayin kofi ma yana rufe ido. Wanda aka saba biyansa don ya ci wasa ba ya jure rashin nasara, sai ya bar gwanaye biyar a fili sauran su kwana a benci, ya kuma sa yara tsaron yanki, kowa ya tsaya a gurbinsa, domin ya san abokan karawa ba su da ƙarfin jifa daga waje. Dabara ce mai ci, amma ba ta koyar da tsaro. Yaro ya fara iya bin mutum ɗaya duk inda ya nufa. Atisaye kuma kada ya zama na ƙwararru; ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, yana buƙatar ranakun hutu a mako. Hardaway ya fi kowa sanin abin da ciwon gwiwa ke yi wa ɗan wasa.

Akwai alƙawarin da bai kamata ya fito daga bakin koci ba: "zan kai ka NBA". Gurbi 60 ne kacal a zaɓen kowace shekara, ga duniya baki ɗaya. A Lester, Hardaway ya matsa wa yaransa kan karatu kamar yadda ya matsa musu a fili, kuma a ganina wannan ya fi kofin da suka ɗauka. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, bai taɓa buga wasa a NBA ba. A Turai ya yi wasansa, amma shi ne ya harhaɗa ƙungiyar Toronto Raptors da ta ɗauki kofi a 2019. A nuna wa yara irin waɗannan hanyoyin ma.

Inda Hardaway ya yi tuntuɓe kuwa, kuɗi ne. A 2017 ya bai wa iyalin wani hazikin yaro, James Wiseman, dala 11,500 don su ƙaura daga Nashville zuwa Memphis. Da yaron ya shiga jami'ar a 2019, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ce taimakon ya saɓa doka, ta dakatar da shi wasa 12. Wasa uku kawai ya buga wa jami'ar ya tafi. Tsohon ɗan wasa mai abin hannu zai ga yaro cikin buƙata, zuciyarsa ta ce ya taimaka, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin ya sa hannu a aljihu, ya karanta dokar gasar da yaron ke ciki da wadda zai shiga nan gaba, ya bi da taimakon ta hannun makaranta ko gidauniya, a rubuce, da sanin iyaye, kuma ya zama abin da kowane yaro a ƙungiyar zai iya samu.