Fulogi a Tsohuwar Akori-kura: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Yawancin masu tsohuwar akori-kura mai shan fetur, irin su Peugeot 504 da Hilux mai injin 22R, da ido suke sayen fulogi, wato abin da ke ba da tartsatsin wutar da ke kunna fetur a cikin inji. In zarensa ya shiga ramin, shi ke nan. Amma tsawon zaren ma ya bambanta. A lambar fulogin kamfanin NGK, harafin E na nufin tsawon zare milimita 19, H kuma 12.7. Ka ɗaura dogo a gurbin gajere, bakinsa zai leƙa cikin silinda, gawayi ya taru a zaren, ranar kwancewa ya ci maka zaren tof silinda, wato murfin saman injin da ake ɗaura fulogi a jikinsa. Wani sa'in ma fistin ya buge shi.

Sai lambar zafi, mai nuna saurin da fulogi ke fitar da zafi daga bakinsa, wadda ita ce ta fi rikita mutane. A NGK da Denso, idan lamba ta hau, fulogin ya fi sanyi. A Champion da Bosch akasin haka ne. Mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji", kar ka yarda. Nemi lambar da littafin motar ya ce, ko ka tafi da tsohon fulogin a hannu.

Tazarar baki kuwa, wato ratar da wuta ke tsallakewa a bakin fulogi, mutane na ɗauka an riga an saita ta daga kamfani. An saita, amma ba lallai don injinka ba. Fulogin NGK mai "-11" a ƙarshen lambarsa tazararsa milimita 1.1 ce, ta injin mai wutar lantarki ta zamani. Mota mai kontak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba da wuta) a distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ta fi son 0.6 zuwa 0.8, domin koyil ɗinta ba shi da ƙarfin tsallake rata mai faɗi. Shi ya sa in ratar ta yi faɗi za ka ji tana lafiya a tsaye, amma da an yi mata lodi ta kama hawan tudu sai ta fara misin, wato wuta na ɗaukewa a silinda. Auna da filageji, siraran ƙarafan nan na auna rata, ka lanƙwasa ƙarfen gefen kawai. Masu buga bakin fulogi a kan dutse su daina, farin tangaran ɗin na tsagewa ba a gani.

Kuma kafin ka jefar da tsohon, duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai toka, kabureta na ba da mai da yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, matsalar rin fistin ce ko silin bawul, masu hana mai shiga silinda, sabon fulogi ma ba zai daɗe ba zai mutu.

Wajen ɗaurewa, bari injin ya huce, ka fara da hannu har ya zauna, sannan sufana kamar rabin zagaye in sabo ne mai washa a gindin zarensa.