Yadda za ka toshe ƙofofin da ake leƙen wayarka a Legas

Ko kana sayar da tattasai a Mile 12, ko kana canji a Agege, ko gadi kake a Ikoyi, harkarka duka a jikin lambar waya guda take rataye. Tun Disambar 2020 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, layinka ya zama katin shaidarka kuma makullin asusunka na banki. Don haka daga layin ake fara gyara.

Sa wa katin SIM ɗin kansa lambar sirri. Kullen fuskar waya ba ya kare layi. Wanda ya zare maka waya a cunkoson Oshodi cire katin zai yi, ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0#, lambar BVN ɗinka ta fito, kuma duk lambar da banki ya turo ta tes a hannunsa za ta sauka. Shiga saitin waya, ɓangaren tsaro, ka nemi wurin kulle SIM. Zai tambaye ka lambar da kamfani ya sa tun asali. Kada ka yi cinke: kuskure uku layin ya rufe, sai da PUK, lambobi takwas da ke jikin babban katin da aka ɓallo SIM ɗin daga ciki. Kuskure goma a PUK kuwa ya kashe katin, sai ka je ofis a yi maka sabo. In ka yar da babban katin (yawanci a bakin shagon rajista ake jefar da shi), kira 300, lambar neman taimako ta kamfanin layinka, ka tambaya kafin ka taɓa komai. Sannan danna *#06#, ka rubuta lambobin IMEI 15, wato lambar shaidar wayar kanta, a takarda, tare da lambar da bankinka ya ware don rufe asusu, ka ajiye a gida. Danna ##002# kuma yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa maka ba ka sani ba.

Sai WhatsApp. Yawancin asusun da ake ƙwacewa, mai shi ne ya miƙa da hannunsa. Wani ya kira da sallama da ladabi, ya ambaci sunan gurup ɗin masallacinku ko na 'yan garinku, ya ce akwai taro da yamma, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa ya sa sunanka. Lambobin nan na ɗora asusunka a wayarsa ne. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi wasu lambobi shida da ba shekarar haihuwarka a ciki, ka sa imel na tunatarwa. Ka riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, domin minti ɗaya ya ishi wanda ka ba aron waya ya jona kwamfutarsa. Wadda ba ka gane ba, fitar da ita. Ajiyar hirarraki da ke tafiya Google Drive ba ta da irin kullen da saƙonnin suke da shi, wanda ke hana wani daga waje karanta su, sai ka kunna da kanka, kuma in ka manta kalmar sirrin, ko kamfanin ba zai iya dawo maka da ita ba.

Manhajojin rance sai an yi hattara sosai. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store ɗibar lambobin mutane da hotuna, amma wadda aka tura maka ta Xender ko ta wani link ba ta bi ta wannan shingen ba. Duba izinin kowace manhaja. Me ya haɗa tocila da lambobin surukanka? Janye izini dai ba ya dawo da abin da aka riga aka kwasa. In sun fara tura wa mutanenka saƙon cin mutunci, ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ko hukumar NDPC da dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa.

In za ka kai gyara Computer Village a Ikeja, cire SIM da memori tun daga gida. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar lambar buɗe waya. Ka buɗe da kanka a gwada a gabanka.

Abin da ba zai ɓoyu ba kuwa, gara ka san shi. Kira da tes na yau da kullum ba a kulle suke ba, kuma muddin waya na kunne, kamfani ya san eriyar da take kamawa. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara biyu. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun kayan leƙen asiri na kamfanin Circles. VPN da jama'a suka koya lokacin da aka rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, shafukan da kake shiga yake ɓoye wa kamfanin layi, ba inda kake tsaye ba, kuma na kyauta shi ma yana ganin inda kake shiga.

A gurup ɗin siyasa mai mutum ɗari biyu, kullen WhatsApp ba ya hana ɗaya daga ciki ɗaukar hoton maganarka ya kai gaba, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet a kan rubutu, duk da gyaran da aka yi masa a 2024. Zargin da ba ka da hujjarsa, kada ka tura shi gaba ko da wani ne ya rubuta. Sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu, bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90, sannan ka je saitin sirri ka taƙaita masu iya jefa ka gurup zuwa waɗanda lambarsu ke wayarka kawai.