Kafin ki zuba ruwa a tukunyar raku

Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa ta sa hoton tukunyar ado da aka kawo mata tsaraba, mai tsage-tsagen baƙi kamar yanar gizo-gizo, tana tambaya ko za ta zuba ruwa ta sa furanni. Hajiya, kada ki zuba.

Wannan salon gasa tukwane sunansa raku. Asalinsa Kyoto ne a Japan, ƙarni na 16, inda wani maginin tukwane mai suna Chojiro ya riƙa gina kofunan shan shayi. Amma irin wanda masu fasaha ke yi yanzu, wani maginin tukwane mai suna Paul Soldner ne ya yaɗa shi a Amurka wajen 1960. Ana ciro tukunyar daga wuta da dogon awartaki tana ja wur, zafi ya kusa digiri 1000, a jefa ta cikin garwa mai garin katako ko tsofaffin jaridu, a rufe. Sanyin da ya buge ta farat ɗaya shi ke tsattsaga ƙyallin jikinta, hayaƙi kuma ya shige tsagogin ya baƙanta su.

To, yumɓun bai gasu ya toshe ba. Tana tsatsafo da ruwa kamar sabuwar randa. Ni tawa kwana biyu ta yi da ruwa, na tarar da zoben danshi a kan teburin katako, har yau bai fita ba.

In furanni kike so, ki sa ƙaramin kofin gilashi a cikinta. Abinci kuwa ko kusa, don wasu masu ƙyallin suna da jan ƙarfe. Ki nisanta ta da hasken taga, launin yana dusashewa. Ƙura kuma busasshen tsumma ya isa.